Muryar unguwa a cikin memori: yadda wata ƙungiyar taimakon kai da kai ta fara podkas a Kano

Ƙungiyar da zan ba da labarinta ƙarama ce. Tana wata unguwa ta awon igiya a gefen birnin Kano, irin unguwannin nan da suka taso a kan gonaki, gida manne da gida, lungu ba ya cin mota. Ni ne magatakardanta tun ranar da aka kafa ta, saboda haka abin da ke tafe daga littafin taro na ɗauko shi, da kuma abin da na gani da idona. Da gangan na sakaya sunan unguwar da na mutanenta. Wanda ya karanta zuwa tsakiya zai ga dalili.

Asalinmu adashi ne. Matan unguwa suna zubi duk Juma'a a hannun wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya. Daga baya maza suka shigo da asusun jinya, sannan aka ƙara da sayen hatsi: da kaka a haɗa kuɗi a je Dawanau a auno masara da gero da wake a ajiye, in damina ta yi nisa farashi ya hau sai a sayar wa 'yan ƙungiya a kan yadda aka sayo. Ba mu da ofis. Zauren mai unguwa ne wurin taro, in ana ruwa kuma a koma ajin Islamiyya.

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Mu a littafin Hajiya muka fi ganin abin, musamman bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Mai zubi biyu ta koma ɗaya. Mai ɗaya ta fara aiko yarinya da saƙon a ɗaga mata zuwa wata Juma'ar.

Abin da ya kawo maganar

A Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Kafin kowa a unguwarmu ya ga ko sisi, 'yan damfara sun riga sun shiga aiki. Saƙonni suka yi ta yawo cewa a latsa nan a yi rajista, wasu kuma kira suke yi kai tsaye da Hausa tsantsa, cikin ladabi. Wata 'yar adashinmu, kwana biyu da kwasa, aka kira ta aka ce sunanta ya fito, ta karanto lambobin da ke jikin katinta na banki da wasu da za su shigo mata ta tes. Ta karanto. Kafin la'asar kuɗin da ta yi wata da watanni tana zubi sun tafi.

A taron da ya biyo baya aka yi ta jan kunne, sai Hajiya ta ce mu dubi zauren da kyau mu ga su wa muke ja wa kunnen. Gaskiyarta. Waɗanda ke zaune duk sun san zancen. Waɗanda za a cuta suna cikin gida, wasu ba sa fita sai da lalura, kuma in an rubuta saƙo an tura ba lallai su karanta ba, don da yawansu sun fi ƙarfi a allo da ajami a kan boko. Amma ba wadda ba ta sauraron murya. Wa'azi, karatun littattafan Hausa, saƙon 'yar uwa daga Saudiyya, duk a kunne suke shiga tana tsince shinkafa ko tana ɗinkin hula.

Wani matashi da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, muna ce masa Injiniya ko da yake ba abin da ya karanta ke nan ba, shi ya ce a yi podkas. Mai unguwa ya tambaye shi mene ne haka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rediyo ne, sai dai kai kake zaɓar lokacin da za ka ji."

An ɗan tattauna batun rediyon gaske. Kano gari ne na rediyo. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, kuma mutanenmu da su suke kwana suke tashi. Amma fili a tasha saye ake yi, kowane mako kuma sai an biya. Mallakar tasha ta al'umma kuwa sai da lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, abin da ba a fara bai wa al'ummomi a Nijeriya ba sai a 2015, su ma guda 17 a duk faɗin ƙasar. Wani dattijo mai safarar dabbobi zuwa Nijar ya ba mu labarin yadda can ƙananan garuruwa ke da tashoshinsu. Haka ne kuwa: tun 1999 aka buɗe ta Bankilare mai aiki da hasken rana, yau kuma sun haura ɗari. Muka yi sha'awa, muka dawo kan abin da aljihunmu zai ɗauka, wato wayar Injiniya da tsohuwar kwamfutar makarantar da nake koyarwa.

Shiri na farko

Kuskurenmu na farko shi ne mun kwaikwayi abin da muke ji a manyan tashoshi. Muka gayyato wani malamin jami'a, mutumin kirki wanda bai karɓi ko kuɗin mai ba, ya yi bayanin musabbabin talauci a Arewa. Ya yi minti hamsin. Bayanin da ma'ana, sai dai rabinsa Turanci ne sanye da rigar Hausa. Injiniya ya sa kiɗa a farko da ƙarshe, ya fitar da sautin a kan kilobit 128 a daƙiƙa kamar na waƙa, abin ya tashi megabait 48. Ya ɗora a ɗaya daga cikin manhajojin podkas, muka rarraba adireshin a zaurukan WhatsApp, muka zauna jiran yabo.

Yabon ya zo, daga abokan Injiniya da wasu malamai 'yan uwana. Da na tambayi Hajiya, sai ta ce ita dai jikarta ta kunna mata tana tankaɗe, kafin a gama gaisuwa da jero digirorin baƙo datar ta ƙare. Ta ƙara da cewa, "To wai ma Malam, ni za a gaya wa mene ne talauci?"

Ban da amsa. Mun yi shiri ne don wanda zai burge da mu, kuma wannan mutumin ba a unguwarmu yake zaune ba.

Shiri na uku, wanda har yau bai bar mu ba

Daga nan muka ce to, a bar masu abin su faɗa da bakinsu. A takarda shawarar ta yi kyau, har na ja mata layi a littafin taro.

Akwai wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Wankau take yi, wani lokacin surfe. Na je da matata muka yi mata bayani, muka ce ba za a ambaci sunanta ba, kuma wataƙila Allah ya sa wani ya ji ya taimaka. Ta yi shiru, can ta ce, "Duk yadda kuka gani, Malam. Ai ku ne iyayen yaran."

A ɗakinta muka naɗa. Muka jingina katifa a jikin taga don rage ƙarar waje, aka kashe layin wayar kada kira ya shigo, aka ɗora ta a kan filo kamar taƙi ɗaya daga bakinta. Da farko muryarta na rawa, daga baya ta saki jiki har ta manta da wayar. Ta faɗi yadda take ɗora tukunya da ruwa zalla da daddare don yaran su ga wuta su yi barci da sa rai. Ta faɗi sana'ar marigayin, da yawan yaran, da cewa tun sadakar arba'in ba wanda ya leƙo daga danginsa. Matata tana kuka, ni kuma, Allah ya yafe mini, a raina ina cewa wannan shirin zai yi tafiya.

Ya yi tafiyar. Wannan karon sautin kansa muka tura, ba adireshi ba, kuma cikin kwana biyu ya fita daga hannunmu. Aka kawo shinkafa da taliya, wani ya biya wa yaran kuɗin makaranta, wata baiwar Allah daga wata jiha ta aiko da kuɗin jari. Muka yi ta hamdala.

A kwana na biyar mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da wan marigayin a zaure, ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce, "Malam, kun ce ba ku faɗi suna ba. Mutum nawa ne a unguwar nan mai wannan sana'ar ya rasu bana ya bar yara kaza? Har ƙarar injin markaɗen maƙwabcinsu ana ji a ciki. A kasuwa aka kunna mini. Ni da nake bin bashi in kai musu kwanon masara a ɓoye, yau ni ne wanda ya watsar da marayun ƙaninsa."

Ko ya kai masarar ko bai kai ba, ba shi ne abin da zauren ya zauna a kai ba. Abin da ya fito fili shi ne mun shiga tsakanin mace da dangin 'ya'yanta, mutanen da za ta nema ranar aurar da su, ranar da mu da shirinmu ba ma nan. Babbar 'yarta ta daina zuwa Islamiyya saboda yara suna kwaikwayon muryar uwarta. Sai kuma wani abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba: wani ya yanke farkon sautin da ƙarshensa, ya haɗa da lambar asusunsa, yana karɓar sadaka da hawayenta.

Muka goge shirin daga manhaja a ranar. Amfanin hakan kaɗan ne, don magana zarar bunu ce. Dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta ba mutum damar janye amincewarsa, amma ba dokar da za ta bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ta ciro sautin da aka riga aka tura.

Na daɗe ina juya kalmar da ta faɗa, "duk yadda kuka gani". Mu mun ɗauke ta amincewa. Alhali kunya ce, da kara, da kuma cewa ba ta da bakin ce wa masu ba ta hatsi a'a. Ta yarda ta yi magana da maƙwabcin mijinta da matarsa a cikin ɗakinta. Ba ta taɓa hango ɗan kasuwa yana kunna muryarta a rumfa ba, mu ma da muka fi ta sanin waya ba mu hango mata ba. Bahaushe in yana roƙon Allah, kafin ya ce arziki rufin asiri yake cewa. Wanda ba shi da komai sau da yawa shi kaɗai ya rage masa, mu kuma muka karɓa muka ba ta buhun shinkafa a madadinsa.

Mai unguwa da liman suka sasanta. Na ba wan marigayin haƙuri a gaban mutane, matata da Hajiya suka shiga wajenta. A taro na gaba wasu suka ce a rufe shirin gaba ɗaya, kada garin gyaran gira a rasa ido. Da ƙyar aka tsaya a kan sharuɗɗa. Ba za a ƙara sa muryar mabuƙaci yana faɗin buƙatarsa ba; mai buƙata ya ga Hajiya ko ma'aji a asirce kamar da. Duk wanda aka naɗa za a mayar masa da sautin ya ji, a bar shi ya kwana da shi, kuma wanda zai je jin amsarsa ba wanda ya naɗa ba ne. Matar aure sai da sanin mijinta. Ba lambar asusu a cikin shiri har abada, kuma za a riƙa faɗin haka a farko da tsakiya da ƙarshe, yadda ko an yanke wani gefen gargaɗin zai rage.

Da aka juya tambayar

Wata malamar Islamiyya ce ta kawo abin da ya ceci shirin. Ta ce tunda ba za a tambayi mutane abin da suka rasa ba, a tambaye su abin da suka iya. Ta kuma ce mata su riƙa naɗar mata, don akwai maganar da ba za a yi a gaban namiji ba ko da malami ne.

Da mai awara aka fara. Malamar ta zauna da ita a tsakar gida da littafi da biro, suka bi sana'ar daga kwanon waken suya: jiƙawa, kuɗin markaɗe, tacewa, itacen da za a tafasa madarar, ruwan tsamin da zai sa ta haɗe, matsewa, man suya, yaji, leda. Mai awarar ta shigo hirar da yaƙinin tana cin riba mai kyau, saboda lissafinta kuɗin wake da mai ne kawai take cirewa. Da aka sa itace da markaɗe da leda, aka sa wadda yara ke ɗauka a faranti kafin a fita da ita, aka sa bashin da maƙwabta ke ci ba su biya ba, sai ribar ta tsuke ƙwarai. Ana jin lokacin da ta yi shiru a cikin sautin, sannan ta kwashe da dariya ta ce ashe mai itace take yi wa aiki. Ba mu yanke dariyar ba. Da aka mayar mata ta ji, ita da kanta ta ce a bar ta.

Wannan shirin minti goma sha ɗaya ne, kuma shi ne na farko da ya jawo amsa daga cikin gidaje. Mai ƙuli-ƙuli ta aiko da saƙon murya tana so a zo a yi mata irin lissafin. Masu awara huɗu suka haɗa kai suna sayen wake da buhu maimakon kwano-kwano. Wata kuma ta tayar da maganar da muke kauce wa, ta ce a sa yarinyar da ke talla a lissafin, tunda makarantarta ake ci. Aka yi shiri guda a kan talla, aka yi musu mai zafi a zaure. Masu cewa a hana suna da hujja, uwar da ta ce da kuɗin tallan take tara kayan ɗakin yarinyar ita ma ba ƙarya ta yi ba. Ba a cimma matsaya ba, sai dai gidaje kaɗan sun mayar da tallan bayan an taso makaranta.

Sauran shirye-shiryen a kan wannan layin suka bi. Mai kula da rumbun ƙungiya ya yi bayanin buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in an matse iska an ɗaure kowane daban ƙwarin wake ke mutuwa ba tare da an zuba magani ba. Ya ja kunne a kan a tabbatar waken ya bushe kuma ledar ba ta huje ba. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke zaune a unguwar ta koya wa iyaye awon damtsen yaro da tef ɗin nan mai launi uku, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Shirin damfara kuwa sau uku muna maimaita shi da sabon salo, saƙon dai ɗaya ne: rajistar NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ta farko kyauta ce, kuma ba banki ko jami'in gwamnatin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambobin da aka turo maka ta tes. Matar da aka cuta tun farko ba ta fito a ciki ba. Malamar da wata ɗalibarta ne suka yi wasan kwaikwayon kiran, ɗaya tana ɗan damfara.

Yadda sautin ke isa kunne

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan ne Injiniya ya nuna amfaninsa. Ya sauke nauyin sautin zuwa kilobit 32 a daƙiƙa, wanda ya ishi muryar mutum. Shirin minti 12 sai ya koma kusan megabait 3. Da Audacity yake gyarawa, manhaja ce ta kyauta. Ya cire kiɗan farko, aka bar sallama da sunan shiri da ranar da aka naɗa, saboda sauti yakan dawo bayan wata shida mutane su ɗauka na jiya ne, musamman in akwai farashin kaya a ciki.

Wajen naɗa mun sha fama. Da safe injin markaɗe, da rana 'yan talla da awaki, da daddare janareta. A ƙarshe shagon wani tela muka samu, bayan sallar asuba kafin gari ya waye sosai. Yadudduka da ke rataye ko'ina suna shanye amsa-kuwwa fiye da duk dabarar da muka gwada. Fanka a kashe, ƙofa a rufe. A watan Afrilu mutum yakan fito kamar an tsamo shi daga rijiya.

WhatsApp yana da iyakokinsa: saƙo ɗaya wuri biyar kawai za ka tura shi a lokaci guda, jerin aikawa na bai-ɗaya kuma mutum 256 yake ɗauka, su ma sai waɗanda suka ajiye lambarka. Sannan gidaje da yawa ba babbar waya, sai ƙarama mai cin memori, ko 'yar rediyon nan mai caji da ake soka wa memori a gefe. Don haka muka koma wajen masu cajin waya da turi. Mun roƙi uku daga cikinsu, duk wanda ya kawo memori a tura masa waƙa ko wa'azi a ƙara masa da shirin mako kyauta. Biyu suka yarda, ɗaya ya ce sai an biya shi, muka bar shi. Matasa suna tura wa juna ta Xender da Bluetooth ba tare da data ba. Wani mai shayi yana kunnawa a sifikarsa da hantsi, wasu 'yan a daidaita sahu biyu ma haka. Malamar Islamiyya takan kunna wa ajin matan aure minti goma kafin a tashi, kuma daga wannan ajin mafi yawan tambayoyi suke fitowa.

Har yanzu muna ɗorawa a manhajar podkas, don ajiya da kuma 'yan unguwa da ke zaune a wasu garuruwa. Amma adadin da take nunawa ba ya cikin lissafinmu, tunda sautin da ya bi ta memori da sifikar mai shayi ba ya barin sawu. Wannan ya taɓa sa mu rasa tallafi. Wata ƙungiya mai ba da ƙananan tallafi ta aiko da fom, a ciki ana neman yawan waɗanda suka sauke shirin. Muka rubuta gaskiyar abin da manhajar ta nuna, muka yi bayanin sauran a ƙasa. Ba a kira mu ba. Wani a cikinmu ya ce da mun ƙara sifili biyu. Ma'aji ya ce ba da littafinsa ba.

Kuɗi, siyasa da gajiya

Gab da zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Oktoban 2024, wani mai neman kansila ya aiko cewa zai saya mana makirfo da sola, ya riƙa biyan data, a dai riƙa ambatonsa a ƙarshen shiri. Tayin ya zo a daidai lokacin da muka fi rauni, don a ƙarshen watan ne layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, aka yi kwana da kwanaki ba lantarki, kuɗin cajin waya ya tashi, kwamfutar makaranta ta zama dutse. Matasa suka ce a karɓa. Hajiya ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma matan da ke zubi a hannunta ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ranar da aka ji sunan ɗan takara a shirin, rabinsu za su ɗauka hatsin rumbu ma na jam'iyya ne. Aka ƙi, cikin girmamawa. Mako uku ba a fitar da shiri ba.

Na goyi bayan Hajiya, amma ba zan ce ƙin karɓar bai ci mana komai ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, datar da Injiniya ke saye daga aljihunsa ta ƙara tsada. Aka yanke cewa a riƙa cire wani abu kaɗan daga asusun ƙungiya, wasu kuma suka yi gunaguni cewa kuɗin jinya ne ake kai wa kamfanin waya. Suna da gaskiyarsu. Wata shawara da ta ɗan taimaka ita ce masu ƙananan sana'o'i na unguwa su ba da abin da ya sauƙaƙa a ambaci kayansu, da sharaɗin ban da masu maganin gargajiya da masu ba da bashi da ruwa.

Sai kuma Injiniya ya sami aiki a wani gari. Muka yi masa murna, bayan ya tafi muka farga cewa asusun manhajar da imel ɗinsa aka buɗe, tsofaffin sautukan suna cikin wayarsa, kuma ba wanda ya iya gyaran sauti sai shi. Ya yi ƙoƙari, yana koya wa 'yan mata biyu daga ajin malamar ta waya da daddare. Yanzu su ke naɗa su ke gyarawa, a waya ba a kwamfuta ba. Aikinsu bai kai nasa tsafta ba, ana jin zakara, ana jin sallamar mai shigowa, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi a kan haka. Shirin da aka fara da niyyar kowane mako ya koma sau biyu a wata, da azumi da lokacin jarrabawa kuma yakan tsaya.

In aka tambaye ni ko shirin ya rage talauci a unguwarmu, zan ce farashin kwanon masara bai san da mu ba. Abin da zan iya nunawa a littafi shi ne masu shiga sayen hatsin kaka sun ƙaru, waken rumbu ya daina hujewa, ma'aikaciyar lafiyar ta ce iyaye na zuwa mata da yara tun kafin jiki ya kumbura, kuma mata kan kira Hajiya su tambaya kafin su karanta wa baƙon murya lambar kati. Taron zaure ma ya canja, don yanzu akan karanto tambayoyin matan da ba su taɓa taka zauren ba.

Maƙwabciyata kuwa da jarin nan ta fara sayar da gawayi a ƙofar gida, 'yarta ta koma wata Islamiyyar a unguwar gaba. Muna gaisawa. Zubinta ba ya latti, amma yarinya take aikowa da shi, ita ba ta ƙara zama inda ake maganar ƙungiya ba. A watan da ya wuce wani ɗan uwana da ke Jos ya turo mini wani sauti, an rubuta a samansa cewa an tura shi sau da yawa, yana tambaya ko na san matar, don yana so ya taimaka. Na kunna, na ji ƙarar injin markaɗe.